Wanda Dillali Ya Kawo wa Habib

Akwai wani saurayi a Maraɗi mai suna Habib, ma'aikacin wani ofis. Ɗan Jiratawa ne, amma tun da ya fara sa riga mai guga, ko sunan garin ba ya son a ambata a gabansa.

Abokin da suke haɗa kuɗin haya aka mayar da shi Damagaram. Mai gidan, Maman Lawali, ta ce masa: "Ɗana, in wata ya ƙare ba ka samo na biyu ba, ɗakin nan zan ba wasu."

Inusa, ɗan ƙanwar mahaifiyarsa mai kawo albasa da zogale kasuwa daga Jiratawa, ya ji labari ya zo da murnarsa yana son su haɗa hayar. Habib ya dube shi ya ce an riga an kama wurin. Ƙarya ce tsagwaronta.

Washegari ya tafi wurin Barmo dillali, ya same shi a teburin mai shayi. A gaban jama'a ya shiga zayyana sharuɗɗa: "Ban son baƙauye. Ban son mai warin albasa, ko mai shigo mini ɗaki da taɓo a ƙafa."

Barmo ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Shi Barmo yana da tsarin aikinsa. Duk wanda ya samo, sai ya kai shi gidan lokacin da Habib yake ofis, ya bar shi ya yi hira da maƙwabta. Ya kai wani malamin lekol, wato makarantar boko, ya kai wani tela, ya kai wani ɗan Tsibiri mai gyaran waya. Babu wanda ya dawo.

Wata ya zo ƙarshe, Habib ya tare shi a fusace. Barmo ya kurɓi shayinsa ya ce: "Yaro, mutane na samu, kai ne ba su so. An faɗa musu ba ka gaida kowa, kuma ranar da zazzaɓi ya kada abokin zamanka, wurin abokai ka koma da kwana. Mutum guda ya ji duk wannan ya ce ya yarda. Gobe in kawo shi."

Da hantsi sai ga Barmo, Inusa na biye da shi riƙe da tabarma.

Inusa bai shiga ba. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya ɗauki buta ya wanke ƙafafunsa sarai, sannan ya miƙe.

"Yaya, Baba Barmo ya hwaɗa mini sharuɗɗanka. Ga ƙahwa na wanke, albasar ma a rumhwa zan riƙa barinta. Ƙauyancin ne ban san yadda zan yi da shi ba, sai ka yi haƙuri. Inna tana gaishe ka."

Kunya ta lulluɓe Habib har ya kasa ɗaga kai. Maman Lawali tana tsakar gida tana jin komai. Habib ya karɓi tabarmar daga hannun Inusa, ya shiga da ita ciki da kansa.

Darasi: Dillali zai iya nemo maka ɗaki da abokin zama, amma ba zai iya wanke maka hali ba. Kafin ka zayyana irin mutumin da kake so, tambayi kanka ko kai ana son zama da kai. Ku tura wa ’yan uwa, wataƙila wani ya gyara tun bai ji irin wannan kunya ba.