Kada da Ɓarauniyar Tafki

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, kunnenmu naki ne.

Wani ɗan tafki ne can cikin ƙungurmin daji. Ruwa yana gangaro masa daga wani dutse mai kanwa, yana fita ta wata 'yar ƙorama. Kada, sarkin haɗama, ya tsani ƙoramar nan. Ɓarauniya yake ce mata.

Ran nan ya ce wa Gaiwa, tsohuwar tafkin, "Iya, yau zan toshe bakin ɓarauniyar nan. Ta shanye mana ruwa, ta kwashe mini kifi."

Gaiwa ta ce, "Ɗan nan, ba sata take yi ba, shara take mana. Ita ke fitar da kanwar dutse."

Kada ya ce, "Tsufa ke damunki."

Ya tara laka da duwatsu ya toshe ƙoramar. Da damina tafki ya cika ya batse, Kada yana ta kuri. Da rani rana ta sha ruwa ta bar kanwa. Shekara uku ana haka, ruwa ya yi ɗaci, kifaye suka mutu. Gaiwa ta shige laka ta ɓuya.

Yunwa ta ci Kada, idanunsa na zugi. Ya rarrafa ya fasa toshiyar yana kuka, "Ɓarauniya, don Allah zo ki yi sata!"

Ina! Rani ya riga ya janye ruwan, ko ɗigo bai kai bakinta ba.

Har yau masu haƙar kanwa a wurin suna tsintar haƙoransa.

Ƙurunƙus kan ɗan kada! Ba don Gizo ba, da kun ce ƙarya na yi.