Bukkar Malkiyel da ba ta yoyo

A unguwarmu ta Yahudawan Buhara akwai wani marinin siliki mai suna Malkiyel, katangarmu ɗaya da shi. Ba shi da rowa, ba shi da mugunta. Matsalarsa guda ce: ya tsani a ga abinsa da naƙasu, ko da ɗan tabo ne a hannun riga.

Duk shekara idan Idin Bukkoki ya zo, mukan kafa bukka a tsakar gida mu ci abinci a cikinta kwana bakwai. Shekara talatin Mullo Nison, tsohon malaminmu, yana cin abincin rana na farko a bukkar mahaifin Malkiyel, ya sa wa gidan albarka. Wata shekara sai mahaifin ya rasu, bukkar ta dawo hannun ɗansa. Malkiyel ya ƙudura cewa sai albarkar nan ta sauka a gidansa kamar kullum, kuma a bukkar da ba a taɓa ganin irinta ba.

Ta uban kuwa kara ce da rassa, iska na shiga, yayyafi na ɗiga. Malkiyel ya sayo katako masu faɗi, ya jera su a sama babu ko kafar allura, ya buga ƙusoshi, ya rataya siliki ta ciki. Matarsa Burho ta ce, "Maigida, Baba fa yakan bar ramuka a sama."

"Baba ba shi da kuɗin katako ne," in ji shi. Sannan ya leƙo ta katanga ya dubi tawa. "Yodgor, wannan bukka ce ko akurkin kaji?" Na yi dariya, amma gaskiya ta yi mini zafi.

Ranar idi Mullo Nison ya iso da sandarsa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga kai ya daɗe yana duba, bai shiga ba.

"Ɗana, ina sama?"

"Tana waje, Mullo. Ko ɗigo ɗaya ba zai taɓa ka ba."

"To ai ɗaki ka gina, kuma ina da ɗaki a gidana." Ya faɗa ne a hankali, babu faɗa. "Muna barin rufinmu kwana bakwai ne don mutum ya tuna ba rufi ke tsare shi ba. Inuwar Ubangiji ta ramukan nan take shigowa. Mahaifinka shi ya sayi katakon rufin ɗakin ibadarmu, kai ba ka sani ba. Ba rashi ya sa yake barin ramuka ba."

Malkiyel ya juya zai ɗauko guduma. Burho ta riƙe hannunsa, domin ranar idi ce, ba a cire ko ƙusa ɗaya sai bayan kwana biyu. Nan na ga jikinsa ya mutu, kuma na tausaya masa.

Haka Mullo ya shigo akurkin kajina, ya sa albarka a can. Malkiyel ya biyo shi da tukunyar shinkafarsa da karas, ya zauna a gefen tabarma. Muna cikin ci aka fara yayyafi, ɗigo ya faɗa cikin kwanonsa. Ya ɗaga kai ya ga sama ta tsakanin rassan.

"Haka ta Baba take yi," ya ce, sai hawaye.

Da kwana biyun suka wuce ya ɓamɓare katakon da hannunsa ya shimfiɗa kara. Amma abincin rana na farko ya riga ya wuce, Mullo Nison kuma ya rasu kafin wani idin ya zagayo.

Darasin da ke nan shi ne, kada girman kai ya sa mutum ya gyara abin da bai fahimta ba. Kafin ka toshe ramin da magabata suka bari, tambayi dalilin barinsa, kuma ka saurari wanda ya tuna maka ko da a cikin gidanka yake. Ibada ba a yin ta don idon maƙwabta.