Bushiya da Dutsen da Ya Rufe 'Ya'yanta

To, a natsu. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Inna.

Wata damina aka kwana uku ana ruwa, sai wani dutse ya gangaro daga tudu ya toshe ramin Bushiya. Ita tana waje neman abinci, 'ya'yanta uku na ciki suna kuka. Baiwar Allah ta yi ta tono har faratanta suka yi jini.

Giwa ta zo ta sa goshi ta tura. Dutse ko gezau, sai ƙasa da ta rufta ciki. Ɓauna ta kai karo, ƙasa ta ƙara ruftawa. Dorina ta sa kafaɗa. Da aka kasa kunne, muryoyi biyu kawai ake ji.

Ana haka sai ga Gizo. Kun san shi da shegantaka, amma ran nan ko murmushi bai yi ba. Ya ce manya su ja baya, nauyinsu ne ke binne yaran. Ya sa aka saro dogayen sandunan ƙirya biyu. Ya cusa kan ta farko ƙarƙashin dutsen, ya yi mata matashi da wani guntun dutse dab da ramin, gindinta ya ɗaga sama. Ta biyu ya saƙale kanta a saiwar wata bishiyar kuka da ke wurin, ya gitta ta bisa gindin ta farko, nan kusa da saiwar. Ya nuna wa Bushiya can ƙarshen ta biyun, ya ce ta je ta hau.

Ta ce, "'Ya'yana na kirana, ka ce in yi nesa da su?"

Ya ce, "A nan ƙarfinki na bushiya ne. A can ya fi na giwa."

Wallahi tafiyar nan ta fi mata tonon ciwo. Ta je ta hau. Sanda ta yi ƙasa da ita a hankali, ta danne 'yar'uwarta, 'yar'uwar ta cira dutsen. Ita ta sauko tsayin mutum guda, dutse ya ɗaga faɗin yatsa uku kacal. Amma ya isa.

Gizo ya kutsa ciki. Wanda ya fara fitowa da shi autan ne, ba ya motsi. Bushiya ta hango, ta yunƙura za ta diro.

Gizo ya ce, "Kada ki motsa, biyu na ciki."

Haka ta zauna bisa sandan nan, tana kallon gawar ɗanta daga nesa tana hawaye, har aka fito da biyun da ransu.

Kun ji, jikokina. Ƙarfin da bai san inda zai tsaya ba ɓarna yake yi, kaɗan kuwa in ya sami wurinsa sai ya ɗaga dutse.

Ƙungurus kan ɗan kusu, nan ta tsaya.