Tseren da Leah Ba Ta Yi Ba

Akwai wata mata a wani ƙauye kusa da Bagwai, sunanta Leah. In ka gan ta yau tana ɗingishi a gonar gyaɗarta, ba za ka ce ita ce ta yi shekaru tana yi wa Najeriya gudu a ƙasashen waje ba.

Tun tana yarinya mai korar tsuntsaye a gonar gero, burinta ɗaya ne: a kira sunanta ita kaɗai, duniya ta ji. Ta zaga ƙasashe, amma kullum ta huɗu ko ta biyar. Nasara dai sai ƙanshi, kamar miyar maƙwabta.

A gasarta ta bankwana ta kai zagayen ƙarshe na tseren mita ɗari. Sai cinyarta ta riƙe.

Likitan tawaga ya ce, "Gudu ɗaya ya rage a ƙafar nan. Ko naki, ko na miƙa sanda."

Tseren miƙa sanda na mutum huɗu ne, kuma babu mai maye gurbinta. Ƙaramarsu, Ramlat, ta san in suka koma hannu wofi za a sallame ta daga tawaga.

"Anti Leah, ki yi naki kawai," in ji Ramlat.

Leah ta ce, "Ke, tashi ki ɗaure takalmi. A garinmu ba a barin gayya a tafi gonar kai."

Suka zo na uku, suka samu lambar tagulla. Leah ta miƙa wa Ramlat sanda ta zube, ƙafar kuma ba ta sake gudu ba.

Da ta dawo gida, masu tsokana suka samu abin yi. "An sha duniya, an dawo da rubu'in lamba!" Tana dariya, amma abin na ci mata rai. In ta kishingiɗa a gindin ɗorawa da rana, sai ta yi mafarkin layinta na tseren mita ɗari da ta bari babu kowa. Fararen layuka sun miƙe tsakanin kunyoyi, dawa na kaɗawa, tana gudu ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Kafin ta kai, sai ta farka.

Wata damina tana noma, rediyo rataye a reshe, ta ji an ce Ramlat ta ci zinare a mita ɗari. Aka tambaye ta wa za ta gode wa.

Ramlat ta ce, "Wannan ba tserena ba ne. Na Leah ne, 'yar Baba Zachariah. Ƙafarta na ara."

Leah ta saki fartanya. Ta zauna a kan kunya ta yi kuka har ta ƙoshi.

Darasi: Abin da ka bari don wani ya tsaya da ƙafarsa bai ɓata ba, ajiya ka yi. Ku tura wa duk wanda yake ganin alherinsa ya faɗi ƙasa banza.