Jinin Sallau Mai Faci

"Ni Sallau, sauro bai isa ya ɗanɗani jinina ba. Wanda ya kuskura, kafin ya tashi sama ya zama gawa!"

Haka Sallau mai faci yake faɗa kullum a bakin tasha, yana zaune a kan tsohuwar taya yana dukan ƙirji. To ku gyara zama, ga ta nan gare ku. Za ku dara a wani wurin, amma akwai kabari a cikinta.

Matar Sallau ta rasu ta bar masa 'ya'ya biyu, Jummai da ƙaninta Nafi'u. A bayan gidansa kuwa tsofaffin tayoyi ne jibge har sun ɗara katanga, da damina ta sauka kowace ta cika cikinta da ruwa. Ilu tela, ƙanin marigayiyar, wani siriri ne kamar sillen kara, ya zo ya same shi.

"Yaya Sallau, don Allah a kife tayoyin nan. Sauron nan mai ɗigon fari a ƙafa, mai cizo da rana tsaka, a cikinsu yake ƙyanƙyasa."

"Kai tsinke, je ka ɗinke bakinka," in ji Sallau. "Wanda iska ke ɗauka shi ke tsoron sauro."

Ba a jima ba zazzaɓi ya shigo unguwa, irin wanda likitoci ke kira dengi, mutanen gari kuma suka sa masa karya-ƙashi. Jummai ce zazzaɓin ya fara kayarwa. Sallau ya yi ta ɗura mata wani tsimi nasa mai ɗaci, yana cewa jininsa ne a jikinta, gobe za ta miƙe. Ba ta miƙe ba. Da aka dawo daga maƙabarta ya ce ajali ne, ya koma kan tayarsa. Amma tun daga ranar ba ya iya kallon tabarmarta, sai ya naɗe ta ya cusa a bayan ƙofa. Ana cikin zaman makoki Nafi'u ya kwanta, shi ke nan ɗan da ya rage masa.

Inna Tabawa, yayar marigayiyar, mai sayar da kantun riɗi, ita ta fara zuwa. Ta tarar da yaro idanu sun faɗa, ga amai ga zawo. Ta ɗauki tulun tsimin ta juye a kwata. Ta je ɗakin shan magani, malamar jinyar da ke wurin ta gaya mata gaskiya: babu ƙwayar da ke kashe wannan cuta, jiki ne ke yaƙinta da kansa, sai dai a tallafa masa. Ta ba ta garin gishiri da sukari na haɗawa da ruwa, da ƙwayar zinki saboda zawon. Ta ce zinki ba shi ke warkar da dengi ba, amma garkuwar jiki ba ta tsayuwa in babu shi, kuma yana nan cikin hanta da riɗi da agushi da gyaɗa da wake. Inna Tabawa ta rufe sana'arta, ta zauna da cokali a hannu. Ta ba shi ya amayar, ta goge, ta sake ba shi. Romon hanta, kunun gyaɗa, riɗin da za ta sayar duk ta niƙe ta dama masa. Ita ma zazzaɓin ya kama ta yana sassaƙar ƙasusuwanta, amma cokalin bai faɗi ba. Zawo ya tsaya.

Sai ga jini yana tsattsafowa daga dasashin yaron da hancinsa. Malamar ta ce wannan ya fi ƙarfinta, sai babban asibiti, a ƙetaren kogi. Ambaliya kuwa ta tafi da gada. Baffa Mati, ƙanin Sallau, manomi ne marar yawan magana. Ya ɗauko masaki, ya shimfiɗa zane a ciki, ya kwantar da yaron, ya faɗa ruwa yana tura shi da ƙirji. Sallau ya tsaya a gaɓa, ya ce shi zai zagaya ta doguwar hanyar mota, ai dole wani ya riƙe wa Mati takalma. A tsakiyar kogi wani ƙarfen gadar ya tsarge wa Mati agara. Bai saki masakin ba. Ya fita a ƙetare, ya saɓa yaron a kafaɗa, yana tafe yana barin sawun jini har ƙofar asibiti. Har gobe da ɗingishi yake bin kunya a gona.

Da Sallau da Ilu suka iso, likita ya ce yaro ya zubar da jini da yawa, sai an ƙara masa, a kira uban. Sallau ya shiga yana naɗe hannun riga. Da ya ga allurar, ya ga ledar da za a cika, sai ya ja da baya. Allah ya sani yana son ɗansa, amma tsoro ya fi ƙarfinsa. Ya ce fitsari ya matse shi, ya fita ya laɓe a bayan wata motar asibiti da ta mutu. Ilu tsinke ya miƙa hannu. Aka duba, jininsa ya dace. Likita ya dube shi ya ce anya, shi kansa ba isasshen jini gare shi ba. Ilu ya ce, "Ɗan 'yar'uwata ne, ɗiba." Aka ɗiba, ya miƙe, ya yanke jiki ya faɗi. Ya daɗe kafin ya sake iya taka keken ɗinki, kuma bai gaya wa kowa inda Sallau ya shiga ba.

Yaro ya tashi. Likita ya ce da ya iso a bushe babu ƙarfi a jikinsa, da ba a tarar da abin ceto ba. Da bai iso ba, babu zance. Da ba a samu jini ba, da a nan za a yi masa wanka.

Ranar da aka dawo gida, unguwa ta taru barka a ƙofar Sallau, wasu ma a kan tayoyin suka zauna. Shi kuwa tun ana asibiti ya sayi filasta a kyamis, kullum sai ya manna sabuwa a gwiwar hannu, ya naɗe riga don kowa ya gani.

"Ban gaya muku ba? Jinina na shiga, cutar ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba!"

Ilu ya sunkuyar da kai. Mati marar magana ya daɗe yana kallon hannun.

"Yaya, jiya a asibiti ba a hagu filastar nan take ba? Na ga yau ta koma dama."

Iya Ladingo, tsohuwar da ta haifi Sallau, ta taso da sandarta, ta kama hannunsa, ta ɓamɓare filastar. Babu hudar allura. Sai ƙurji guda, jawur, na cizon sauro, har da sawun farce inda ya sosa. Ta juya ta tunkuɗe tayar da yake zaune a kai. Baƙin ruwa ya malalo kan ƙafafunsa, 'ya'yan sauro na ta wutsil-wutsil a ciki. Ba wanda ya yi dariya.

"Sallau, ni na haife ka, ni zan faɗa," in ji ta. "Ka ba ƙasa Jummai, ba za ka ba ta Nafi'u ba. Yau yaron nan ba zai kwana a gidanka ba."

Sallau ya warware hannun rigarsa ya rufe ƙurjin. Inna Tabawa ta ce a ba ta riƙonsa. Baffa Mati ya ce shi za a ba. Kawu Ilu ma ya ce ga shi. Yaro kuwa ɗaya ne, kuma ba a raba shi kamar tsire.

To jama'a, na sauke muku a nan. Tsakanin Innar da ta tsayar da jikinsa da cokali, da Baffan da ya ƙetarar da shi kogi, da Kawun da jininsa ke gudu a jikinsa, wa ya fi cancanta Iya Ladingo ta damƙa wa hannun Nafi'u?