Matar da Ta Rasa Wadda Za Ta Faɗa wa Ciwonta

Akwai wata mata a wani ƙauye, mai yawan zuwa gaishe-gaishe. In an yi rashin lafiya, ita ce ta farko a bakin ƙofa da ƙwaryar kunu. Don haka mata suka saki jiki da ita, suna faɗa mata cikinsu.

Amma bakinta ba ya riƙe magana. Sai ta je rijiya, ta ajiye guga, ta rage murya ta ce, “’Yan’uwa, ba gulma ba ce, don ku sa a addu’a nake faɗa muku.”

Wata rana maƙwabciyarta, Maman Briskila, ta gaya mata da hawaye cewa mijinta ya kwashe dawar rumbu ya kai gidan burkutu, yara na kwana da yunwa. Kafin Lahadi duk zumuntar mata sun ji. A ƙofar majami’a wata ta kama hannunta ta ce, “Sannu, Maman Briskila, muna ta yi wa maigida addu’a. Ashe har rumbun ya shanye?” Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Tun daga ranar Maman Briskila ba ta ƙara taka majami’a ba.

Bayan damina biyu, matar nan mai kai magana rijiya ta ji ƙululu a nononta, mai tauri kamar goruba. Mijinta ya rasu, ɗanta yana can kudu. Tana bukatar wadda za ta raka ta asibiti, ta zauna kusa da ita. Ta bi matan ƙauyen ɗaya-ɗaya a ranta, ta ga duk wadda ta faɗa wa, gobe ciwonta yana bakin rijiya, gama ita ce ta koya musu. Mace ɗaya tak ta sani mai riƙe asiri.

Ta je, ta same ta tana surfe.

“Salama, Maman Briskila.”

“Maraba, Yaya. Lafiya?”

Matar ta tuna maganar rumbun nan, kunya ta kama ta. Ta ce, “Lafiya lau. Wuta na zo ɗiba.”

Maman Briskila ta zuba mata garwashi a kasko, ta koma kan turminta. Matar ta dawo gida, murhunta ma yana ci. Ta ajiye kaskon, ta zauna ita kaɗai har garwashin ya mutu.

Ma’anar wannan misali ita ce: kowace magana da kika ɗauka daga ɗakin wata kika kai waje, ƙofa ɗaya kika rufe wa kanki, ba za ki sani ba sai ranar da kika zo shiga. Ni gwauruwa ce, karatuna ba yawa, amma ba a taɓa sayar mini da wake mai tsakuwa ba. Gulma ko an lulluɓe ta da addu’a, gulma ce. Ubangiji ba kurma ba ne, ba ya bukatar mata goma su kai masa labarin da mace ɗaya ta kai a gwiwa. In an zo tayin asirin wata a wurinki, ki ce albarka. Ba ragi a nan.

Wadda kuma ta san akwai ƙofar da take jin kunyar shiga, ta je ta nemi gafara yau, tun tana da lafiyar tafiya da ƙafarta.