Ƙahon Jatau da Waken Tabawa

Ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nan gare ku.

Ta zo, muna ji.

Wata mata ce ana ce mata Tabawa. Ita ke ajiyar iri a gidan mijinta, Jatau. Kowace kaka sai ta zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ta rataye saman murhu don hayaƙi ya kori ƙwari.

Ran nan Jatau ya dawo daga yankan gero da ƙaho a hannu. Wai wata tsohuwar saniya ya ciro daga taɓo, ƙahonta ya fita a hannunsa, ta ce ya riƙe.

Tabawa ta ce, "Sai kuma me ta ce, maigida?"

Ya ce, "Wai abin cikinsa na ci ne, ba na shuka ba. Surutun shanu dai."

Sai ya kifa ƙaho a tsakar gida. Sai ga gero, ga dawa, har da kabewa tana gangarowa. Kada ku tambaye ni yadda kabewa ta bi ta bakin ƙaho, ban kasance a wurin ba. Jatau ya jingine fartanya. Mutanen ƙauye suka ga banza, su ma suka jingine tasu.

Gida ya cika da baƙi. Jatau ya ɗaga kai ya ga irin gero ya yi baƙi da hayaƙi, kunya ta kama shi. Ya ce, "Sauke tarkacen nan." Ya watsa wa kaji.

Kaka ta zagayo, sai ya ga irin dawa. Ya ce, "Wannan ma." Ya ba jaki.

Kaka ta uku ya miƙa hannu ga tulun da take ajiye irin wake. Tabawa ta zauna a kan tulun. Ta ce, "Wannan daga gidanmu na zo da shi." Ya yi tsaki ya wuce. Ashe kowace damina tana shuka wake kunya uku a bayan danga.

Kaka ta huɗu Jatau ya kifa ƙaho, sai ƙura. Ya girgiza, ya leƙa, ya busa. Babu.

Suka lallaɓa da abin da ya rage a rumbu har ruwa ya sauka. Jatau ya shuka geron ƙaho, bai fito ba. Ya sake, shiru. Ya sake na uku, ko tsinke. Ya bi maƙwabta, babu mai ƙwayar iri.

Sai ya dawo yana sosa ƙeya. Ya ce, "Tabawa, waken nan..."

Ta ce, "Wanne? Tarkacen?"

Ta buɗe tulu, ta ɗibar masa, ta ɗibar wa maƙwabta tafi-tafi. Shekarar nan wake da safe, wake da rana, amma ba wanda yunwa ta kashe.

Da aka roro wake, Tabawa ta ɗauko ƙahon. Ta cika shi da iri da toka, ta toshe da tsumma, ta rataye saman murhu.

Jatau ya ce, "To yanzu me zai zubo mana?"

Ta ce, "Abin da muka zuba masa."

Ƙurunƙus, kan kusu ya faɗa rumbu. Ko abinci ya kai muku iya wuya, yara, ku bar na shuka.